Wuyan Alaramma da Kwalbar Ruwan Gishiri

Ku yaran yanzu kuna ba ni mamaki. Ku shiga ɗaki mai fanka, ku danna makunni fitila ta kama a ƙarƙashin madubin likita, ku leƙa kamar mai leƙen tukunya, ku ja biro ku rubuta sakamako, sannan ku fito kuna cewa duba jini ba wani aiki ba ne. Ɗaya daga cikinku har ce mini ya yi, wai Baba ai madubin ne ke aikin, mutum ido kawai zai sa. Na yi dariya don kada in yi abin da ya fi dariya muni. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina sa idon nan, kuma tun daga wata damina a ƙasar Zoza ban sake ɗora gilashi a kan madubi gabana bai faɗi ba. Ku gyara zama ku ji dalili.

Sunana Hamisu, ɗan maɗinki ne ni a Karaye. Zamanin da na tashi ciwon barci ya addabi garuruwan bakin rafi, tun daga nan har ƙasar Rogo. Ƙudan tsando ke kawo shi. Mutum ya fara da zazzaɓi da kaluluwa a bayan wuya, a hankali ya rame, ya riƙa gyangyaɗi da lomar tuwo a hannu, daga nan sai kabari. Turawa suka kafa ayarin masu yawo ƙauye-ƙauye suna laluben wuyan jama'a, suna neman samari masu karatun boko da ido mai kyau. Ni kuwa na ɗan yi elemantare, kuma tun ina ƙarami nake zura wa babana zare a allura. Da haka na shiga.

Wanda aka damƙa ni a hannunsa Malam Barau ne, wani siririn dattijo mutumin ƙasar Zazzau, mai faɗa kamar zakaran da aka taɓa wa kaza. Wata uku cur bai bar ni na taɓa madubi ba. Aikina wankin gilashi, wato 'yan falle-fallen nan masu tsawon yatsa da ake ɗiga jini a kai. In wanke da sabulu, in ɗauraye, in goge da tsohon farin ƙyalle, in riƙe ta gefe-gefe don kada yatsa ya bar maiƙo. Ya ɗaga ɗaya sama ya duba, in ya ga ko ɗigo sai ya juye mini duka cikin daro in sake.

Ranar da ya fara nuna mini ciki, albasa ya aike ni na sayo. Na ɗauka miya za a yi. Ya ɓare ta, ya zare wata fata siririya daga cikin ɓawon, ya shimfiɗa a gilashi da ɗigon ruwa, ya ɗora murfi, wani ɗan gilashi da bai kai faɗin farce biyu ba. Ya juya ɗan madubin da ke ƙasa har ya kamo hasken sararin sama, ya ce in leƙa. Na leƙa na ga duhu. Ya ce gashin idona nake kallo. Na sake leƙawa, ya murɗa kunnen da ke gefe, sai ga ɗakuna jere reras, bango na jingine da bango kamar saƙar zuma, kowane ɗaki da ɗigo guda a cikinsa.

Ya ce, "Abin da kake gani su ne ƙwayoyin halitta. Ɗigon nan na ciki cibiyarsa ce. Albasa, akuya, kuka, kai, ni, har Bature, duk da irin waɗannan aka gina mu. Kowace tana ci, tana sha, tana rabuwa biyu ta zama biyu, tana mutuwa."

Na ce, "Malam, har ni?"

Sai ya ce in buɗe baki, ya kankaro cikin kumatuna da tsinke, ya shafa a gilashi, ya ɗiga shuni. Sai ga su nan, faffaɗa, ba bango mai kauri irin na albasa, kowace da cibiyarta shuɗiya. Ran nan na kasa cin tuwo sosai, ina tauna ina tunanin abin da nake gogewa.

Daga nan muka shiga jini. Ku da kuke cewa abu ne mai sauƙi, wa ya taɓa jan jini a gilashi a gindin tsamiya, iska na kaɗawa, ƙudaje na jira? Ɗigo guda kake sawa, ka kawo gefen wani gilashin ka tura shi gaba sau ɗaya, ba tsayawa ba komawa, har ya yi siriri ƙwayoyin su kwanta ɗaya-ɗaya. Ka kife shi ya bushe, don in ka bar shi a buɗe ƙuda ya lashe maka aikin yini. Ka zuba sifirit ya kama, ka zuba shuni, ka ƙirga lokaci da bakinka tunda agogo na Likita ne, Baturen da ke shugabantar ayarin. Sannan ka ɗiga mai, ka sauko da babban ido har ya taɓa man. Madubinmu ido uku gare shi, ƙarami na neman wuri, matsakaici na duban abu mai rai, babba na mai. In ka yi garaje da babban kunne ka fasa gilashi, wataƙila ka fasa idon ma, kuma babu wani sai daga Ingila. A ciki za ka ga jajayen ƙwayoyi birjik, zagaye, tsakiyarsu fayau ba cibiya. Can jefi-jefi ka ga farare, manya, cibiyarsu ta sha shuni ta yi shuɗi. Malam Barau ya taɓa sa ni na ɗebo jinin kaza don in ga nata jajayen suna da cibiya, wai don kada wani ya kawo mini jinin kaza ya ce nasa ne. An kuwa taɓa gwadawa.

Hasken ma sai ka yi dabara. Rana tsaka ba ta yi, tana kashe ido. Farin gajimare ya fi komai. In hadari ya haɗo sai ka tattara. Kuma komai a cikin madubi a juye yake, ka tura gilashi hagu abin ya tafi dama. Sai da na yi wata biyu kafin hannuna ya daina gardama da idona.

Amma ainihin aikin ayarinmu ɗanyen gilashi ne, ba a jira ya bushe, ba a sa shuni. Mai unguwa ya tara mutanensa layi. Audu, abokin aikina, wani ƙato mai hannu kamar faranti amma mai taushin taɓi, ya bi su yana laluben bayan wuya. Wanda ya ji wa kaluluwa sai a fitar da shi gefe, ya soka allura a cikinta ya tsotso ɗan ruwa, ya fesa a gilashi. Ruwan nan kaɗan ne ƙwarai, kuma kafin ka ce kwabo ya bushe. Don haka muna da kwalbar ruwan gishiri, wanda aka tafasa aka auna gishirinsa daidai da na jikin mutum, a ɗiga ɗaya a kai kafin a rufe. Malam Barau ya nuna mini dalilin gishirin. Ya sa jini a ruwa zalla na leƙa, na ga ƙwayoyin suna shan ruwa suna kumbura har suka fashe suka bar fatalwarsu. Ya ce kwalbar nan da hannunka za ka dafa ta, da hannunka za ka toshe ta.

Ƙwayar ciwon barci kuwa, in tana nan, da ranta za ka gan ta. Siririya ce, tana mutsu-mutsu a wuri ɗaya kamar tarwaɗa a taɓo, tana ture ƙwayoyin da ke kusa da ita. Sau da yawa motsin maƙwabtan za ka fara gani kafin ka gan ta. Wanda aka gan ta a wuyansa sai a rubuta sunansa, mai allura ya biyo bayanmu ya zauna a garin yana yi masa allura a jijiya duk kwana biyar, har tara ko goma. To ga inda gizo ke saƙar. Maganin nan yana da ƙarfi. Yana kashe cutar, amma wasu yakan taɓa musu ido, daga mai ganin hazo-hazo har wanda ke makancewa ɗungum. Mai cutar gaske dole ya ɗauki kasadar, don makanta ta fi kabari. Amma in ka rubuta mai lafiya, ka sa shi a bakin rijiya a banza. In kuma ka tsallake mai ciwo, ka kashe shi. Gaba kura baya siyaki, kuma kai kaɗai ne a tsakiya da ido ɗaya a kan bututu.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Jirage ba sa kawo kaya. Gilashinmu duk ya kakkarce, murfi muna wanke shi har ya karye a hannu, shuni kuwa Likita ya ce a yi ta cancana shi, kada a taɓa sai an yi shakka. An kwashe likitoci an tura wajen soja, saura Likitanmu kaɗai, Baturen da ake kira Mai Lofe, yana zagaya ƙasar da da mutum uku ke yi. Aka ɗauke Malam Barau aka ba shi wani ayari can kudu. Ranar da zai tafi ya miƙa mini akwatin madubi ya ce, "Kai dai ka ji tsoron Allah, ka ji tsoron abin da ya zo maka da sauƙi." Ni kuwa kaina ya riga ya kumbura. Ban fi sau goma sha wani abu na ga ƙwayar nan da rai ba, kuma kullum yana tsaye a kaina, amma ga ni an ce da ni malamin madubi.

Da damina ta zauna muka sauka a wata 'yar unguwa a ƙasar Zoza, kusa da wani rafi mai duhuwa. Mai unguwa ya ba mu ɗakin baƙi a zaurensa na biyu. Na jera kayana a kan wata 'yar katanga, akwati, daro, buta, da kwalbar ruwan gishiri wadda ta kai wajen rabi. Muka fita da la'asar gaishe-gaishe da shelar taron gobe.

Cikin waɗanda muka gaisar har da Alaramma Malam Ɗahiru. Mahaddaci ne, kuma marubuci. Mun same shi a zaurensa ya tanƙwashe ƙafa, takarda a kan gwiwa, kasake uku na tawada a gabansa. Alƙur'ani yake rubutawa da ka, na bakwai a rayuwarsa. Ya gama baƙin rubutu kaf, yana bi da jan tawada yana sa wasali, ya kai wajen rabi. Na tsuguna na duba, wasalin nan kamar ƙafar sauro, kowane a mazauninsa. Ya yi murmushi ya ce, "An ce kai ma da ido kake ci, ɗana."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ina ni ina ku."

Ya ce, "A'a, kowa da abin da aka ba shi ya duba. Allah ya sa mu ga daidai."

Da safe aka yi layi a gindin wata ɗorawa. Audu ya fitar da mutum goma sha huɗu masu kaluluwa, har da Alaramma. Gilashin farko, na ɗiga ruwan kwalba, na rufe, na leƙa. Ban ko wahala ba sai ga abu yana motsi. Na biyu haka. Na uku babu, na huɗu akwai. Murna ta kama ni, Allah ya yafe mini, murnar na kama da yawa ni kaɗai ba Malam Barau. Audu ya ce, "Hamisu, anya? Garin nan ban ga mai gyangyaɗi ba." Na ce masa shi aikinsa wuya, nawa ido. Na ga ƙwayoyin jikin sun ɗan kumbura sun yi fari, na ce zafi ne. Na ga abin yana ratsa fili yana wucewa maimakon ya tsaya yana mutsu-mutsu, na ce ƙarfi gare shi. Shuni yana cikin akwati, amma an ce sai an yi shakka, ni kuwa ban yarda ina shakka ba. Kafin azahar na rubuta mutum goma sha ɗaya.

Alaramma ya jira har jama'a suka watse, sannan ya matso.

"Ɗana, an ce allurar nan tana taɓa ido."

"Wasu ne, Allah gafarta Malam, ba kowa ba."

"Ka gan ta da idonka a wuyana?"

"Na gan ta."

"Ba ka shakka?"

"Ba na shakka."

Ya dubi yatsunsa masu jan tawada. Ya ce, "To. Gani ya kori ji. Ka san naka, na san nawa. A yi."

Kwana huɗu bayan nan muka buɗe aiki a Tudun Kaya. Ruwan sama da taɓo sun tsare mu a hanya, ban buɗe akwati ba tun Zoza. Gilashin farko, abu na motsi. Na biyu, na uku, na huɗu, na biyar, duka, kuma sun fi na wancan garin yawa, wasu har suna juyi kamar ana kaɗa su. A nan na ce da Audu a dakata zan yi alwala. Na ɗauki gilashi mai tsabta, ban sa komai na jikin mutum ba, na ɗiga ruwan kwalba zalla, na leƙa. Kasuwa na gani. Masu wutsiya, masu gashi a gefe, dogaye, gajeru, kowa na harkarsa. 'Yan halittun nan ne masu ƙwaya ɗaya tak da ke zaune a kowane kududdufi, waɗanda ba ruwansu da kowa. Na ɗanɗana ruwan, gishirin da ƙyar ake jin sa. Na ɗaga kwalbar na duba. Bayan aikin yini guda, ta fi yadda na kai ta Zoza cika.

Sai na tuna. Da muka dawo daga gaishe-gaishe ran nan, mun tarar an share ɗakin, an cika tulu, an cika butata da ta Audu. Ku kun san gidan mutunci, ba a barin abin ruwan baƙo da rabi. Uwargidan mai unguwa, Gwaggo Tabawa, ta ga kwalbar baƙo ta yi ƙasa, ta zare toshiya ta cika masa da ruwan da suke sha, ta mayar ta toshe tsaf. Ita alheri ta yi. Ni da aka ce da hannuna zan dafa da hannuna zan toshe, ni ne na ɗauka da safe ban ko duba ba.

Yanzu ga abin da ya sa na tara ku. Kuskuren nan kowa na iya yin sa. Abin da na yi bayansa shi ne nawa. Na zagaya bayan danga na zubar da ruwan, na tafasa sabo, na sake duba mutanen Tudun Kaya biyar ɗin nan na sallame su. Ban gaya wa kowa ba, ko Audu. Na san mai allura ya riga ya sauka a Zoza, na san an yi ta farko. Na ce wa raina allura ɗaya ba ta komai. Na ce wataƙila ma suna da cutar, ai gari ne na bakin rafi. Na ce bari Likita ya zo Karaye in faɗa masa baki da baki, ya fi a aika. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Tsoron a karɓe akwatin, tsoron a ce ɗan maɗinki ya koma zura zare, tsoron labari ya kai wa Malam Barau. Kullum na tashi sai in ƙirga kwanakin allura a yatsa. Ranar ta biyu muna wani ƙauye wai shi Turawa, na yini ina duba gilashi ina ganin wasali a ciki. Abinci ya daina shiga. Audu ya ce ko shawara ce ta kama ni.

Da muka iso Karaye Mai Lofe yana bariki. Ya duba takardunmu, ya ga goma sha ɗaya a unguwa guda, ya ce aikina ya yi kyau, har zai sa a sare duhuwar rafin. Na buɗe baki, na ce na gode, ranka ya daɗe. Na fito. Wallahi haka aka yi.

Kashegari ranar kasuwa, na ci karo da wani mai sayar da barkono daga unguwar nan. Muka gaisa, ya tambayi gajiya, na tambayi mutanen gida, na tambayi ruwa, na tambayi mai unguwa, ina ta kewaye-kewaye. Shi ya kawo maganar da kansa.

"Alaramma ma yana gaishe ka. Sai dai kwana biyun nan ya ajiye alƙalami. Ya ce haruffa na yi masa rawa. Gobe ma za a yi musu ta uku."

Ban san yadda na isa bariki ba. Na tarar da Likita yana wanke hannu, na zube na faɗa masa komai, har kwanakin. Bai yi tsawa ba, da ma ya yi. Ya cire lofen daga bakinsa ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Tun yaushe ka sani?" Na faɗa. Ya rubuta takarda zuwa ga mai allura, ya ba ni kwalbar shuni cikakkiya, ya ce a ba ni kekensa. Ya ce, "Tafi yanzu. Maganarka da ni tana nan."

Keke a damina, da akwatin madubi ɗaure a baya, rabin tafiyar ni na ɗauke shi. Wani rafi ya cika ya hana ni ƙetarewa sai da gari ya waye ruwan ya janye. Na isa da hantsi. Mai allura yana wanke sirinjinsa, ya riga ya yi ta uku. Ya ce ai Alaramma shi ke fara zuwa kullum, don ya ba sauran ƙarfin gwiwa.

Kwana uku na yi ina sake duba mutum goma sha ɗayan nan, ɗanyen gilashi da sabon ruwa, busasshe da shuni, wuya da yatsa, kowa sau uku. Da yake allura na iya ɓoye cutar, Likita ya sa aka riƙa bibiyar su har shekara ta zagayo. Biyu ne kawai alamunta suka tabbata a jikinsu, aka ƙarasa musu magani suka warke. Tara ba su taɓa yin ta ba. Alaramma kaluluwarsa ta wani haƙori ce da ya ruɓe. Sauran takwas Allah ya tsare idanunsu. Gwaggo Tabawa da ta ji, ta aiko a ce mini ta shiga uku, ita ruwa kawai ta zuba. Na aika mata cewa ba ta da laifi ko na ƙwayar zarra, kuma gaskiya na faɗa.

A rana ta uku na ɗauki madubin na tafi zauren Alaramma. Takardun suna naɗe a gafaka, kaskon jan tawada ya bushe. Na yi sallama, ya juyo da kansa gaba ɗaya kafin ya same ni, don gefe-gefen ganinsa ya tafi, tsakiyar ma ta yi hazo. Na durƙusa na faɗa masa babu cutar a jikinsa, ba a kuma taɓa samun ta ba.

Ya ce, "To me ka gani?"

Na ɗebo ruwan tulunsa na ɗiga, na kamo haske daga ƙofa, na kama hannunsa na kai shi kan kunnen madubi. Ya daɗe yana murɗawa. Can ya ce, "Subhanallahi. Akwai abin da ke wucewa. Wannan muke sha?"

"Shi ne, Allah gafarta Malam. Ba sa cutarwa irin waccan. Su na gani na ce ita ce."

Ya ɗago. Ya ce, "Ikon Allah. Ko ni da na gan su da na ce wani abu ne." Sannan ya ce, "Yaushe ka gane?"

Da na so da na ce shekaranjiya. Ba wanda zai ƙaryata ni a garin nan. Na ce, "A Tudun Kaya."

"Kwana nawa ke nan kafin ka zo?"

"Tara, Allah gafarta Malam. Na goma na iso."

Na ga leɓensa na motsi, yana lissafi. Ya ce, "Allura biyu."

"Biyu."

"Bayan ta farko ina gani sarai. Har shafi huɗu na yi."

Na sunkuyar da kai na ce ya yafe mini don Allah.

Ya ce, "Ruwan kwalba ba kai ka zuba ba, wadda ta zuba ma alheri ta nufa. Ganin da ka yi ka ce ita ce, ɗan'adam ne kai, na yafe har ga Allah. Kwana taran nan kuwa, ɗana, ka bar ni tukuna. Sai na yi tunani."

Likita bai kore ni ba, don ba shi da wanda zai sa. Ya mayar da ni wankin gilashi wata shida, kuma daga ranar ya sa doka a ayarinmu, kowace safiya gilashin farko na ruwan kwalba ne zalla, kafin a taɓa wuyan kowa. Na riƙe wannan har na bar aiki. In kun ga dama ku ɗauka.

Alaramma bai makance ɗungum ba. Yana gane mutum in ya tsaya a gabansa, yana zuwa masallaci da sanda, ya ci gaba da karantarwa da ka. Amma bai sake sa wasali ba. Alƙur'anin nan wani ɗalibinsa ne ya ƙarasa, kuma duk wanda ya buɗe yana ganin shafin da hannu ya canza. Shekara goma sha shida ya yi bayan nan. Duk shekara bayan girbi nakan hau keke in je gaishe shi. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa a kawo fura, ya tambayi iyalina ɗaya-ɗaya da sunansu, ya yi mini addu'a in zan tafi. Kowace shekara nakan zauna ina jira ko zai ɗauko maganar, ni kuma ban taɓa samun bakin tambaya ba. Har Allah ya karɓi abinsa bai ce mini ya gama tunanin ba.